Mai Tausayin Ciyawa

Shekara talatin da huɗu ya yi yana aiki a filin golf, wasan nan da 'yan jarida ke kira ƙwallon lambu, amma bai taɓa buga ƙwallo ko sau ɗaya ba. Shi aikinsa ciyawa ne. Shi ke yanke ta, shi ke ba ta ruwa, shi ya san ranar da take son taki da ranar da take son a ƙyale ta ta huta. Tun yana tura ɗan injin hannu har ya zama shugaban ma'aikatan fili, da mutum goma sha ɗaya a ƙarƙashinsa. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa. Daga mai gadi har shugaban kulob, Baban Ciyawa suke ce masa.

Masu wasan kuwa bai taɓa ƙin su ba, bai kuma taɓa gane kansu ba. Mutum da hankalinsa da tumbinsa ya ajiye mota, ya ɗauki sanda, ya wuni yana bin 'yar farar ƙwallo daga rami zuwa rami. Abin da ya sani game da su shi ne abin da suke bari a baya. Duk bugun da aka yi da sanda mai kan ƙarfe sai ta ɓanɓaro ciyawa da ƙasarta, faɗin tafin hannu, ta yi jifa da ita gaba. Masu kirki su ɗauko su mayar su taka. Sauran su wuce abinsu, ko waiwaye babu. Washegari da sassafe shi da mutanensa su bi fili da bokitin yashi da iri suna toshe tabo. Ya taɓa ƙirgawa bayan wata gasa, ya sami ɗari uku da goma sha biyu.

Ranar da ya yi ritaya aka jera kujeru, aka yi jawabai, aka ba shi agogon bango. Sannan shugaban kulob ya sanar cewa kwamiti ya ba shi katin mamba na har abada, kyauta. Aka tafa. Sai da aka watse sakatariya ta ja shi gefe ta karanta masa sauran bayanin. Dokar kulob ce, sabon ɗan wasa ba ya taka fili sai ya ci jarrabawa a gaban mai koyarwa: rami uku, kada ya wuce bugu ashirin da ɗaya. Sau biyu ake ba mutum dama, cikin wata uku.

"Ai kai Baba wannan shan ruwa ne a wurinka," in ji ta. "Wa ya fi ka sanin filin?"

Ya san ɗaya dokar ma, wadda ba ta karanta ba: wanda ba ma'aikaci ba ne kuma ba mamba ba, iyakarsa bakin ƙofa. Shi da kansa ya sha korar mutane da ita.

Gidansa yana bayan shingen filin, ɗaki biyu da tsakar gida. In ka tsaya a tagar kicin kana hango tutar rami na bakwai. Satin farko na ritaya, ƙarfe biyar yake tashi kamar kullum, ya sa takalmin aiki, sai ya tuna, ya koma ya zauna a bakin gado. In gari ya waye ya je ya riƙe wayar shinge yana kallon Dogo, tsohon mataimakinsa wanda ya gaji kujerarsa, yana tuƙa injin yanka. Shekara ashirin suna shan shayi daga buta ɗaya, Dogo yana ce masa Tsoho, shi yana ce masa Sandar Tuta. Yanzu sai dai ɗaga hannu daga nesa. Layin yankan ma ya ɗan karkace, amma ba wanda ya tambaye shi.

'Yarsa Auta, mai aiki a kantin magani a wani gari mai nisa, ta riga ta gyara musu ɗaki, shi da matarsa. Gidanta a hawa na tara yake, akwai na'urar hawa, akwai asibiti a ƙarshen layi, akwai jikoki biyu. Matarsa, wadda gwiwa ta matsa wa, ranta yana can tun ba yau ba. Shi kuwa sau ɗaya ya je. A barandar gidan an shimfiɗa ciyawar roba, kore shar. Da ya ga ba kowa ya durƙusa ya shinshina ta, ya tashi ya koma ciki, bai ƙara leƙa barandar ba har ya dawo.

Matar ce ta yanke maganar, tana shafa man zafi a gwiwa.

"Baban Auta, ba zan yi ta ja da kai ba. In ka ci jarrabawar nan tasu mu zauna, ka je ka yi ta shinshinar ciyawarka. In ka faɗi mu ɗaure kaya. Ba zan zauna ina kallonka a jikin shinge kamar akuyar da aka hana shiga gona ba."

Ya ce ya yarda. A ranar ta fara tara kwalaye a bayan ƙofa.

Mai koyarwar mace ce, shekarunta sun kai arba'in da biyar, rana ta ƙona mata fuska da hannu ɗaya, ɗayan da take sa wa safar hannu ya fi haske. Malama ake ce mata. Ta samo masa tsofaffin sanduna a sito, cikin waɗanda masu su suka manta. Auta, duk da ba ta so, ta aiko masa da riga mai kwala da farar hula. Ya sa ya dubi madubi, ya ga irin mutanen da yake yi wa tsaki a ransa.

Ba a cikin fili ake fara koyo ba. Akwai wurin gwaji a gefe, inda ake tsayawa a kan tabarmar roba ana buga ƙwallo zuwa wani fage da aka kewaye da raga. Ranar farko ya damƙi sanda da hannu biyu.

"Baba, ba fartanya ba ce," in ji Malama. "Sassauta. Riƙe ta kamar ka riƙe ɗan tsako."

Ta gyara masa yatsu, ta buɗe masa ƙafafu, ta ce ya lanƙwasa gwiwa kaɗan, ya kafa ido a kan ƙwallo. Ya ɗaga ya sauke, ya bugi iska, ya juya har hularsa ta faɗi. Ƙwallon tana nan inda take, ko gezau. Ya sake, ya bugi tabarma. Wani likita da ke gwaji a kusa ya yi tari don ya ɓoye dariya, shi da ya yi shekara goma yana wasa bai rabu da faɗawa kwarin yashi ba.

Amma hannun da ya yi rayuwa yana aiki ba ya daɗewa bai gane kayan aiki ba. Cikin sati uku ƙwallon ta fara tashi. Cikin sati biyar tana tashi ta miƙe ta sauka kusa da allon da Malama ta nuna. Shi kansa abin ya fara yi masa daɗi, ko da yake bai faɗa wa kowa ba.

Da aka zo koyon jefawa a rami kuwa, Malama ce ta koma ɗaliba. Ciyawar da ke kewaye da kowane rami, wadda ake askewa ƙasa-ƙasa, ma'aikata darduma suke ce mata. Baban Ciyawa ya san kowace darduma a filin nan fiye da tsakar gidansa. Ya san inda ƙasa ta ɗan zauna, ya san gefen da ganye ke kwanciya bayan rana ta ɗaga. Sai ya gangara ƙwallo can gefe, kamar ya yi kuskure, ta zagayo da kanta ta faɗa.

"Jarrabawa sai ranar da ka ga dama, Baba," in ji Malama.

Ranar ta zo. A farkon kowane rami, can nesa da tuta, ana ɗora ƙwallo a kan ɗan tsinke, don haka bugun farko bai ba shi wahala ba. A bugu na biyu ne, da ƙwallon ke kwance a kan ciyawa tsirara, abu ya lalace. Ya tsaya daidai, ya riƙe daidai, ya sauke sanda, sai ta shafi kan ƙwallon kawai. Maimakon ta tashi sai ta ruga a ƙasa kamar ɓera, ta yi taku talatin ta tsaya. Ya sake, haka. Ya sake, haka. Da gudun ɓeran nan da gwanintar darduma ya lallaɓa ya gama rami biyu a bugu goma sha uku.

Rami na uku kuwa akwai tafki a gaban dardumarsa, kuma ƙwallo ba ta iyo. Uku ya tura a ciki, ɗaya bayan ɗaya, kowace da 'yar ƙararta. Can nesa Dogo da mutum biyu sun tsayar da tarakta, sun buɗe murfin inji suna leƙen abin da bai lalace ba. Malama ta rufe littafinta ta ce saura dama ɗaya.

Ba ta sallame shi ba. Ta ce ya biyo ta, suka koma baya a ƙafa, suna bin duk inda ya tsaya ya yi bugu. Tana tafe tana duban ƙasa. Da suka kai farkon fili ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Baba, na yi shekara ashirin ina koyarwa. Ban taɓa ganin sabon ɗan wasa ya bi rami uku ko ganye ɗaya bai karya ba. Ina tabonka?"

Ya cire hula yana murza ta.

"A kan tabarma kana sauke sanda har ƙasa. A kan ciyawa, saura kaɗan ta taɓa sai ka ɗage kafaɗa. Sandar nan an yi kanta a karkace ne don ta sauka, ta bugi ƙwallo, ta shiga ƙasa. Shigarta ƙasa ne ke ɗaga ƙwallon. In ba ka ɓanɓari ciyawa ba, ba za ta tashi ba."

"Na sani, Malama. Shekara talatin da huɗu ina toshe abin da take yi."

"To ka yi mana."

"Ni ina so. Hannun ne ba ya so."

Ta gwada dabara iri-iri. Ta ce ya rufe ido, ya rufe, kafaɗar ta ɗage da kanta. Ta kai shi wani kango a bayan wurin ajiye motoci inda ciyayi suka fito barkatai. Nan ya yi ta haƙa ba ji ba gani, ƙasa na tashi, ƙwallo na tashi. Ta ce to ga shi ya iya. Ya ce ai wannan ba ciyawa ba ce, haki ne, da ma ya daɗe yana so a nome shi. Suka koma fili, ɓera ya dawo. Malama ta daina dariya, don ta ga kwanaki suna ƙarewa kuma ta ga tsohon yana ramewa.

A gida kwalaye sun kai goma sha ɗaya. Matar ta fara naɗe kofunan gilashi a tsohuwar jarida. Ana gobe jarrabawa ta biyu, da yamma, yana zaune a tsakar gida yana goge sandunan da ba su da datti, ta fito ta zauna a kujerarta ta miƙe ƙafa.

"Ni fa abin naka mamaki yake ba ni. Kullum safiya ka hau inji ka aske mata kai, shekara da shekaru, ba ta mutu ba. Yau don za ka ɗan yage ta sau ɗaya shi ne ka hana kanka abinci?"

"Aski daban, yanka daban."

"In an yage ta, kwana nawa take warkewa?"

"In an mayar nan take, an zuba yashi da iri, an taka sosai, kwana goma sha biyu. In an bar ta rana ta doke ta, wata biyu."

"To ka ji."

Ta tashi ta shige ciki. Ya ji ƙarar kekenta na ɗinki daga ɗaki, bai tambaya ba. Da safe yana ɗaura takalmi ta miƙo masa wata 'yar jaka mai igiya, wadda ta ɗinka da ƙafar tsohon wandonsa na aiki.

"Ka zuba yashinka da irinka, ka rataya. Ba don ina so ka ci ba ne. Don kada mu je gidan Auta ka ishe mu da tsaki, kana cewa da ka sani."

Ya karɓa. Yana da ragowar iri a gwangwani a bayan tukunyar ruwa. Ya gauraya da yashi yadda ya saba, kashi ɗaya cikin huɗu, ya ɗaure jakar a ƙugu.

Rami na farko bugu bakwai. Na biyu bakwai. Duk da jakar, kafaɗar ba ta daina halinta ba. A rami na uku ya lallaɓo da ƙwallon har kusa da tafki, ya buga, ta ruga ta faɗa ruwa. Malama ta ba shi wata, ta nuna masa inda doka ta ce ya ajiye, ta duba littafi.

"Saura bugu uku, Baba. Ɗaya ka tsallake ruwa, biyu ka jefa a rami. In wannan ta shiga tafki, shi ke nan."

Ya dubi inda ƙwallon ta kwanta, ya gane wurin. Shekara tara da suka wuce tafkin ya yi ambaliya, ruwa ya kwanta a nan sati uku, ciyawa ta ruɓe gaba ɗaya. Kwamiti ya ce a zuba tsakuwa a huta. Shi ya ce a ba shi lokaci. Ya kwashe ƙasar, ya kawo wata, ya dasa da hannu tsiro-tsiro, yana rufe ta da buhu in rana ta yi zafi. Sai a shekara ta uku ta kama. Duk filin nan babu inda ya fi nan laushi, kuma babu wanda ya san haka sai shi da Dogo.

Tsoro ya kama shi, da wani abu mai kama da kunya. Ya tuna barandar hawa na tara. Ya kwance bakin jakar ya bar shi a buɗe, yadda ba zai ɓata lokaci ba. Ya gyara tsayuwa. A wannan karon bai kalli ƙwallon ba, ya kalli ciyawar da ke gabanta kaɗan, ya zaɓi wurin da zai yanka, kamar yadda yake zaɓa in zai haƙa sabon rami a darduma. Ya ɗaga sanda ya sauke ta har ƙasa.

Ya ji shigar ƙarfen a tafin hannunsa, ya ji saiwa tana tsinkewa. Wani yanki kore ya tashi ya faɗi taku biyar a gabansa. Ya yar da sanda ya bi shi. Ya ɗauko shi da hannu biyu, ya duba gefen da ganyen ya kwanta, ya dawo ya durƙusa ya daidaita shi a gurbinsa. Ya zuba yashi a kewaye, ya shafe da yatsa, ya tashi ya taka da dunduniya sau uku.

"Baba, ka gani kuwa?" in ji Malama.

"Me?"

"Ƙwallonka. Ta tashi sama da bishiyar can, ta sauka taku huɗu daga tuta. Likita zai ba da motarsa a kan irin wannan bugun."

Bai gani ba. Ya ɗaga kai, sai farar aba can a kan darduma, tsallaken ruwa. Suka zagaya ta gada. Bugu ɗaya ya jefa ta, ko tsayawa dubawa bai yi ba. Malama ta sa hannu a takarda ta miƙa masa.

Da ya isa gida ya ajiye katin a kan tebur. Matar ta ɗauka ta juya shi gaba da baya, ta ce hoton bai yi kyau ba. Ta kira Auta a waya ta ce, "Babanki ya ci," ta saurara kaɗan, ta ce, "A'a, gwiwar da sauƙi," alhali a ranar da kyar ta taka zuwa kicin. Sannan ta jawo kwali na farko ta fara warware kofuna daga jarida. Ya zo zai taya ta, ta ce ya bari, zai fasa.

Washegari ya shiga ta babbar ƙofa. Mai gadi ya duba katin, ya ƙame ya sara masa. Ya buga rami biyu na farko sama-sama, hankalinsa na gaba. A bakin tafki ya ajiye jakar sanduna, ya ciro gorar ruwan da ya zo da ita, ya durƙusa a kan tabon jiya. Gefen ya ɗan yi rawaya, amma tsakiyar tana da rai.

Ya ji tarakta ta tsaya a bayansa. Dogo ne. Baban Ciyawa ya buɗe baki zai ce Sandar Tuta, sai ya ga Dogo ya sauko ya cire hula ya riƙe a ƙirji, yadda shi da kansa ya koya masa a yi wa mambobi.

"Barka da safiya, yallaɓai. An riga an ba shi ruwa tun ƙarfe shida. Aikinmu ne."

Ya dubi fuskar Dogo yana neman alamar wasa. Babu.

"Layin yankanka na rami na bakwai ya karkace," in ji shi a hankali.

"To, yallaɓai. Akwai littafin koke a ofis, in an rubuta za a duba." Dogo ya sunkuyar da kai, ya nuna baya da hular. "Ga masu wasa nan sun taho. Sai a ɗan matsa gaba."

Ya waiwaya. Mutum huɗu ne tsaye can a farkon ramin, sun jingina da sandunansu suna jira. Dogo ya hau tarakta ya tafi wajen rumfar ma'aikata, lokacin shayi ya yi.

Baban Ciyawa ya rufe gorar ya mayar cikin jaka. Ƙwallonsa tana gefe kaɗan, a kan ciyawa mai kyau wadda ba a taɓa yagewa ba, ga tafki a gaba. Ya laluba ƙugunsa ya kwance bakin jakar yashi, ya gyara tsayuwa, ya zaɓi wurin da zai yanka.